Injin da Masu Zinariya Suka Kawo

Duk wanda ya ce maka yana iya gane girman tsofaffin injunan nan na Amurka da ido kawai, ka ce masa ni na ce ƙarya yake yi. A cikin baƙin mai na tsufa, tun daga Damagaram har nan Tamanrasset inda nake da garaji a bakin unguwar Sersouf, kuma har yau ban iya ba. Silinda takwas gare su, huɗu dama huɗu hagu. Akwai mai lita biyar, akwai wanda ya ɗara shi kaɗan, mai lita biyar da ɗigo bakwai, amma in ka ajiye su gefe da gefe sai ka rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Bambancin yana ciki, a faɗin ramin da fistan ke hawa da sauka, kuma bai kai kaurin ɗan yatsa ba.

Motoci biyu ne masu irin injin nan a hannun mutanenmu na Nijar. Turawa masu yawon buɗe ido suka shigo da su zamanin da ake tururuwar hawa dutsen Assekrem, da suka gama yawonsu suka sayar suka hau jirgi. Motocin suka yi ta canjin hannu, har ɗaya ta ƙare wurin ƙanena mai bi mini, ɗayar kuma wurin wani ɗan Maraɗi, dattijo mai barkwanci, wanda matarsa ke sayar da turare da atamfa a gida, kowa yana ce mata Hajiya. Ƙira ɗaya, buɗaɗɗen baya ɗaya. Ni ke gyara su duka biyun, na buɗe cikin kowace ba sau ɗaya ba, don haka na san ta ƙanena ce mai ƙaramin inji, ta ɗan Maraɗi mai babba. In sun haɗu a garajina wurin shayi sai a yi ta musu. Ƙanena ya ce tasa ta fi gudu, dattijon ya ce, “Yaro, motarka jaki ce da muryar zaki.”

Sana'arsu ɗaya, kai taliya da madarar gari da dabino kudu wajen iyaka, ta hanyoyin da ba sa haɗa mutum da dowan, wato 'yan kwastan. Na yi wa ƙanena faɗa har bakina ya gaji. Na ce masa kowa ya koma motocin Japan, kai ka nace wa tsohuwar da ke shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, ranar da ta tsaya maka a rairayi wa zai kawo maka kayan gyaranta? Sai ya yi dariya ya ce, “Yaya, ai kana nan.” Haka yake tun yana ƙarami, ka yi magana ta shiga ta dama ta fita ta hagu.

Da bazara ya tafi, shi kaɗai, bai dawo ba. Muka nema. Na rufe garaji na bi masu sanin hanya, muka tambaya a rijiyoyi da masaukin direbobi, ba wanda ya gan shi. Kafin mu gama jimamin wannan, sanyi ya shigo, ɗan Maraɗi ya ɗauki hanya shi ma shi kaɗai, shi ma shiru. Unguwa ta wayi gari da mata biyu waɗanda ba zawarawa ba, ba kuma masu miji ba.

Matar ƙanena ta dawo gidana da yaranta biyu, mai ɗakina ta share mata ɗaki. Mace ce marar yawan magana, kuma tsakanina da ita akwai kunya irin ta wan miji, gaisuwa ce kawai daga nesa. Da shekaru suka fara tafiya, malamin da ke karantar da yaranmu, mutumin Tessaoua ne, ya zo ya zauna a zaure ya yi mata bayani ta bayan labule. Ya ce shari'a ba ta bar mace a rataye ba, tana iya zuwa gaban alƙali, in an bi ƙa'ida a yanke hukunci ta yi takaba ta samu kanta. Sai ta ce, “Malam, in yi takabar mutumin da wataƙila yanzu haka yana can yana shan shayi?” Tsohuwarmu kuwa daga Damagaram kullum a waya maganarta ɗaya ce, kada ta kuskura ta ji an yi wa ɗanta sadaka.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Injin nan yana da wani gurnani nasa, mai kauri, wanda ba ya kama da na kowace mota, kuma tun da motocin biyu suka ɓace babu mai wannan murya a wajenmu. Amma ni ina jin ta. Da rana tsaka, ina kwance ƙarƙashin motar wani, sai in ji ta karyo kwana daga wajen kasuwa, ta zo ƙofar garaji ta tsaya, har da ɗan tarin nan da ta ƙanena ke yi in ya ɗaga ƙafa daga mai. In jawo jikina in fito, ba kowa sai awaki. Wata rana na koma gida cin abinci, ina wanke hannu na sake ji. Na ɗaga kai na ga matar ƙanena ta tsaya cak da muciya a hannu tana kallon ƙofa. Muka haɗa ido. Ta ce, “Yaya, kai ma?” Na ci gaba da wanke hannuna.

Ana nan, wata safiya wasu Abzinawa uku masu haƙar zinariya suka tsaya a ƙofar garajina. A bayan motarsu akwai wani abu lulluɓe da bargo, an ɗaure shi da igiya. Babbansu, dogo, ya rufe fuska da rawani sai idanu, ya gaishe ni da Hausarsu ta mutanen Agadas, ya ce ba ciniki ya kawo su ba. An gaya musu ni ne na san masu irin wannan mota. Ya janye bargon. Inji ne, silinda takwas, baƙi ƙirin da toyi, tsatsa ta ci gefensa.

Na zauna a kan taya.

Ya ce can kudu suka same ta, nesa da kowace hanya, a bayan wani tudun rairayi. Motar ta ƙone ƙurmus, ba fenti, ba lamba. Ya ce ba wani ya ƙona ta ba, mai motar ne da kansa. Duk wanda ya san Sahara ya san wannan. In mota ta mutu maka, ruwa ya fara ƙarewa, sai ka riƙa ƙona tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wani ya hango hayaƙi. In tayoyi sun ƙare sai kujeru. In ba wanda ya zo, sai ka cinna wa motar kanta, don ita ce hayaƙin ƙarshe da kake da shi. Sun ga wuraren da aka ƙona tayoyin a jere. Sun kuma sami ƙasusuwan mutum ɗaya a gefe, ya haƙa ɗan rami ya kwanta, fuskarsa gabas. Suka yi masa salla suka rufe shi, suka tara duwatsu a kai, suka sanar da jandarma da suka iso gari. Ba takarda, ba waya, ba komai da zai nuna ko wane ne. “Muka ce mutumin nan yana da iyali,” in ji shi, “shi ya sa muka ciro wannan muka kawo, ko za a gane.”

Kafin azahar garajina ya cika. Labari a Sersouf ba ya bukatar ƙafa. Masu shaguna suka bar shagunansu, direbobi suka zo, malam ya zo. Kowa ya san motoci biyu ne, kowa ya san maza biyu ne, kabari kuma ɗaya.

Injin nan yana da lamba a wuri biyu. Akwai wadda aka zuba tare da ƙarfen, a baya inda yake haɗuwa da akwatin giya, akwai kuma wadda aka buga a wani ɗan fili a gaba, ƙasan murfin kai. Da su ake gane girmansa ba tare da an buɗe ba. Amma motar da ta yi rayuwarta tana tsallaka iyaka ba ta barin lamba a jikinta. Tun kafin motocin su zo hannun mutanen nan biyu wani ya bi wuraren da dutsen washi ya shafe su sumul. Na san haka sarai, amma duk da haka na kankare tsatsar na duba, na sake dubawa, na shafa da yatsa. Ba komai.

Nan fa masana suka taso. Wani ya ce shi ya gane, na yaron ne, dubi murfin bawul. Wani ya ce haba, wannan kafireta ta dattijon ce, shi ya taɓa riƙe masa fitila ana gyaranta. Wani har ya ce ya ga alama a mafarki. Raina ya ɓaci. Na ce musu kafiretar da kuke magana a kai sau nawa na ciro ta daga wannan mota na ɗaura wa waccan? Kayan jikin injunan nan duk suna shiga juna, kama da wane ba ta wane. Na ce duk wanda ya ƙara buɗe baki ya kashe wa wata mata miji da hasashe, zan kore shi da kile, wato sifana, a hannu. Malam ya ce, “To kai me ka gani?” Na ce sai an buɗe kan injin an auna rami.

Kusoshin murfin sun kama, wuta da tsatsa sun haɗe su. Na zuba musu gazuwal, wato man dizal, na ce sai gobe in sun jiƙa. Gaskiya da na matsa da sun kwance a ranar. Tsoro ne ya kama ni, ina son in ƙara kwana ɗaya ban sani ba. A gida ba wanda ya ci abincin kirki, ba kuma wanda ya tambaye ni komai.

Ina da ma'aunin ƙarfe na zamani, amma ba da shi na yi niyyar aunawa ba, don lambar da zan karanta ni kaɗai zan gan ta, kuma wannan ba maganar da za a ce “in ji makaniki” ba ce. Maigidana da ya koya mini aiki a Damagaram yana da wata dabara. Babban gwangwanin tumatir, irin wanda mata ke saye in ana biki, faɗinsa ya faɗa daidai tsakanin injunan biyu. In ka ɗora shi a bakin ramin ƙaramin inji, zama yake yi a kai kamar hula, ko ka danna ba ya shiga. In babba ne sai ya zurma ciki da ɗan sarari. Makaho ma zai iya shaida wannan da hannunsa. Da safe na karɓi gwangwani wurin mai shagon da ke kusa da ni, na juye tumatirin a kwano na aika gida, na wanke shi na goge.

Hajiya ta zo da kanta, tare da wanta. Malam ya so ta zauna a gida a kai mata labari, ta ce ta gaji da labarin da ake kai mata. Ta tsaya daga bakin rumfa, lulluɓe, hannunta riƙe da carbi. Matar ƙanena ba ta zo ba. Na yi wa mutane bayanin gwangwanin a fili, na maimaita, don kada wani ya ce daga baya bai fahimta ba. In ya tsaya a baki, ƙanena ne. In ya shiga, mijin Hajiya ne.

Kusoshin suka kwance ɗaya bayan ɗaya suna kuka. Ni da dogon Ba'abzinen muka ɗaga murfin muka ajiye a ƙasa. Ramuka huɗu suka bayyana, cike da rairayi da toka. Na zaɓi wanda fistansa ya tsaya a ƙasa, na sa hannu na riƙa kwaso rairayin. Sanyi gare shi, mai laushi, kuma yana warin ƙonanniyar roba har lokacin. Ina kwasa ina tunanin mutumin da ya tsaya yana kallon motarsa tana ci da wuta, yana duban sama ko wani zai gani. Na goge bangon ramin da tsumma har ƙarfen ya fito.

Na ɗauki gwangwanin na yi bisimilla, sai na rasa abin da zan roƙa. In na roƙa wa ƙanena rai, na roƙa wa matar da ke tsaye a gabana mutuwar miji. Na ɗora shi a bakin ramin na saki.

Ya zurma a hankali, iska tana fita ta gefensa, har ya taɓa kan fistan ya yi ƙwas.

Hajiya ta matso, ta leƙa, ta ga gwangwanin a can ciki. Ta ce, “Maigaraji, faɗa mini da bakinka.” Na ce, “Hajiya, sai haƙuri.” Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta durƙusa a nan cikin baƙin mai ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana riƙewa. Wanta ya kama ta. Da ta ɗan lafa sai ta juya wajen Abzinawan ta tambaye su ko sun rufe shi da kyau, ko za su gane wurin in an ce su koma. Suka ce sun sa alama. Ta yi ta sa musu albarka. Da ita da wanta suka tashi tafiya na lura tana taka ƙasa da ƙarfi, ba kamar yadda ta zo ba. Malam ya bi su don a shirya zaman makoki.

Sai mutane suka juyo kaina. Wannan ya kama hannuna, wancan ya dafa kafaɗata, barka, barka, Allah ya kiyaye, naku yana nan da rai in sha Allah. Na yi ta amsawa. Na kira tsohuwa a Damagaram, ta yi hamdala, ta ce, “Ban gaya muku ba? Ɗana yana nan.” Na ce haka ne, Inna. Na aika gida aka faɗa. Ni dai ban ji daɗin da ake cewa in ji ba. Na zauna ina kallon injin, zuciyata ba nauyin da ya ragu.

Bayan la'asar, garaji ya watse, ina tattara kayan aiki, sai na ga mace tsaye a bakin rumfa. Matar ƙanena ce. Tun da aka kawo ta garin nan ba ta taɓa taka garajina ba. Ta gaishe ni kanta a ƙasa, ta ce tana son ta gani. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon ramukan.

“Yaya, ba ya yiwuwa rairayi ya ci shi ya faɗaɗa?”

Na ce ba ya yiwuwa.

“Wuta fa? An ce ƙarfe yana buɗewa in ya sha wuta.”

Na ce yana buɗewa, amma in ya huce yana komawa, kuma ko an kai ƙaramin wurin masu gurza rami, bangonsa zai fashe kafin ya kai wannan faɗin. Na ce mata ni na buɗe injin mijinta da hannuna, na san shi kamar yadda na san tafin hannuna, wannan ba shi ba ne.

Ta miƙo hannu, na ba ta gwangwanin. Ta tsuguna, ba ta damu da zanenta ba, ta ɗora shi a ramin ta saki. Ya zurma. Ta sa yatsu ta ciro shi da ƙyar, ta goge shi da gefen mayafi, ta sake ɗorawa, wannan karon a karkace, kamar mai son ya maƙale. Ya gyara kansa ya zurma.

A lokacin ne na dube ta sosai, abin da ban saba yi ba. Ba kwalli a idonta. Ba 'yan kunne, ba awarwaro, zanen jikinta tsoho ne marar ado. Ashe tun da safe, kafin in taɓa kusa ko ɗaya, ta cire komai ta zauna a ɗaki tana jiran a zo a ce mata ta fara takaba. Ta kwance bakin zanenta, 'yan kunnen suna ƙulle a ciki. Ta ɗauki ɗaya ta kai kunne, ta kasa samun hudar. Na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a cikin akwatin kile, har na ji ta miƙe.

Ta ce za ta gidan Hajiya gaisuwa, ko zan raka ta, don ba ta son shiga taron maza ita kaɗai. Na rufe garaji. Ina gaba tana baya, kamar yadda ya dace. Tun daga kan kwana muka hango tabarmi a ƙofar gidan, maza sun zauna jere, malam yana tsakiya ya ɗaga hannu, ana shafa fatiha. Daga cikin gida ana jin mata, masu kuka da masu ba da haƙuri, da ƙarar turmi an fara dakan gumba. Ana ta kiran mamacin ana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, kowa da bakinsa, ba mai jin tsoron faɗa.

Na ji takunta ya tsaya a bayana. Na waiwaya. Tana tsaye a tsakiyar hanya sanye da 'yan kunnenta, tana kallon tabarmin nan. Ba da ni take ba, a hankali ta faɗa, kamar yadda mata ke faɗa in sun je barkar haihuwa.

“Allah ya ba mu irin nata.”

Na ce amin. Sai da kalmar ta fita daga bakina na gane abin da na roƙa wa ƙanena.